Daga wayar hannu zuwa gadon asibiti: Yadda ƙungiyoyi ke amfani da kafofin sada zumunta a yankin Kazaure

A garuruwan Kazaure da Babura da Roni da Gwiwa da ke arewa maso yammacin Jigawa, neman taimako ga marar lafiya kan fara ne da sanarwa a masallaci ko zagayen gida-gida. A yanzu ƙungiyoyin ci gaban al'umma sun ƙara wata hanya: hoton takardar asibiti da lambar asusun banki a zauren WhatsApp ko shafin Facebook. Saƙon kan isa ga 'yan asalin yankin mazauna Kano da Abuja da Legas a rana guda.

Yankin ba baƙo ba ne a harkar fasaha. Tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, wanda ya mulki jihar daga 1999 zuwa 2007, Kazaure ta yi suna da cibiyar koyar da ilimin kwamfuta, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu.

Amfanin waɗannan kafofi bai tsaya kan tara kuɗi ba. A 2012, shirin Follow The Money na ƙungiyar Connected Development, wadda Hamzat Lawal ya jagoranta, ya yi gangami a Twitter kan ƙauyen Bagega da ke Zamfara, jihar da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400. A farkon 2013 gwamnatin tarayya ta saki kuɗin tsabtace ƙauyen. A 2014 kuma ƙungiyar BudgIT ta ɓullo da Tracka, inda jama'a ke bibiyar ayyukan mazaɓu da ke cikin kasafin kuɗi. Da irin wannan, matashi a Gwiwa zai iya duba ko an ware kuɗin rijiyar burtsatse a ƙauyensu, ya ɗauki hoton wurin, ya nemi bayani.

Sai dai akwai ƙalubale. Na farko shi ne amana: 'yan damfara kan ɗauki hoton marar lafiya su liƙa masa lambar asusunsu. Maganinsa shi ne ƙungiya ta yi rajista da hukumar CAC, ta buɗe asusu da sunanta, ta riƙa wallafa abin da ya shigo da rasit ɗin abin da aka kashe.

Na biyu, mutuncin wanda ake taimako. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ke buƙatar kariya ta musamman, don haka yaɗa hoton majinyaci ba da yardarsa ba na iya zama saɓa wa doka.

Na uku, mafi yawan mabuƙata a karkara ba su da babbar waya ko kuɗin data. Ƙungiyar CITAD da ke Kano ta daɗe tana fafutukar kai intanet ƙauyuka saboda wannan giɓi. Sannan dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 ya nuna haɗarin dogaro da kafa guda.

Shi ya sa saƙon murya cikin Hausa da Fulatanci, da gidan rediyo, da mai unguwa suke da muhimmanci har yanzu, domin ta bakinsu ne labarin tsohuwar da ba ta da waya yake isa zauren WhatsApp.