Firaima: Ɗan Ƙarfen Da Ke Tayar Da Harsashi

Idan ka taɓa tsintar kwanson harsashi ka juya gindinsa, za ka ga wani ɗan zagayen ƙarfe a tsakiya, da 'yar lotsawa a inda aka buge shi. Wannan shi ne firaima, makunnin harsashi. Na ƙananan bindigogin farauta faɗinsa milimita 4.45 ne kacal, na manya kuma 5.33. Aikinsa aikin kan ashana ne: a ƙyasta shi, ya ba da wuta, albarushi ya kama. In ya ƙi tashi, bindigar miliyan ma ta zama sanda.

A Amurka akwai mutanen da ba sa jefar da kwanso bayan harbi. Sukan tattara shi, su wanke, su cire tsohon firaima su sa sabo, su auna albarushi, su ɗora kan harsashi da hannunsu. Doka ta yarda musu, akwai shaguna da littattafai na wannan harka. Mu a Najeriya dokar makamai ta 1959 ta hana mutum haɗa harsashi a gida, aikin masana'anta ne irin DICON ta Kaduna, don haka labarin can nake ba ku. Abin da ya ja hankalina shi ne, cikin kayan haɗi huɗu, wanda ya fi ƙanƙanta kuma ya fi araha shi ne wanda gogaggun cikinsu suka fi yin taka-tsantsan da shi.

Wani dattijo da muka yi maƙwabtaka a can ya taɓa ɗora mini guda ɗaya a tafin hannu, ya miƙo gilashin ƙara girma. Ɗan kofi ne na tagulla. A ƙasansa an shafa sinadari mai tashi da bugu, an rufe da 'yar takarda, a sama kuma an kifa wani ƙarfe mai ƙafa uku, wanda shi ne maƙerar. Idan aka ja kunama, allurar bindiga ta daki bayan kofin, sinadarin ya matsu tsakanin kofi da maƙera, sai wuta ta bi ta wata 'yar huda ta shiga cikin kwanso. Guda ɗari-ɗari ake jera su a faranti, kowanne da raminsa don kada su haɗu, faranti goma kuma su cika kwali. Dattijon nan ba ya taɓa juye su a kwalba ɗaya, domin in ɗaya ya tashi sauran za su bi shi, kuma ba ya zama kan teburin sai da tabarau a idonsa.

Asalin abin daga wani limamin coci ne a Sukotlan, Alexander Forsyth, mai son harbin agwagin ruwa. Bindiga mai ƙyastu takan yi walƙiya kafin ta tashi, tsuntsu ya gani ya tsere. A 1807 ya yi rajistar dabarar kunna albarushi da sinadarin da bugu ke tayarwa. Firaiman da ake sawa a gindin kwanso kuwa mutum biyu ne suka fito da nasu a 1866: Hiram Berdan Ba'amurke da Edward Boxer ɗan Ingila. Na Berdan maƙerar a jikin kwanso take, da huda biyu a gefe. Na Boxer maƙerar a cikin firaiman take, hudar ɗaya ce a tsakiya, da tsinke ɗaya ake turo tsohon waje. Abin dariya, Turai ta rungumi na Ba'amurken, Amurka ta ɗauki na Baturen Ingila, kuma wannan ne ya sauƙaƙa wa Amurkawa sake cika kwanso a gida.

To, ina zaɓi ya shigo, tunda faɗin ƙananan firaima duk ɗaya ne? A kaurin kofi ya fara. Kamfanin Remington yana da firaiman ƙananan bindigogin farauta iri biyu, lamba 6½ da lamba 7½. A ido ba za ka bambance su ba, ramin da wannan ya shiga wancan ma zai shiga. Amma kofin 6½ kaurinsa wajen rabin milimita ne, na 7½ ya ɗara shi da abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba. An yi na farkon ne don harsasai masu sauƙin matsi irin .22 Hornet, wanda ya fito wajen 1930. Harsashi irin .223 Remington kuwa, iyakar matsin da ƙungiyar SAAMI ta ƙayyade masa fam 55,000 ne a kan kowane murabba'in inci, kuma wannan matsin baya yake turawa kamar yadda yake tura gaba. Siririn kofi yakan ɓule a daidai inda allura ta buga. Iska mai zafi ta fito ta baya, ta ci bakin allura, ta zana zobe a fuskar ƙarfen da ke tokare gindin harsashi, wani lokacin ta nufi idon mai harbi. Shi ya sa kamfanin da kansa ya yi gargaɗin kada a sa 6½ a cikin .223 da .222 da .17 Remington. Haka abin yake a gidan CCI na garin Lewiston a jihar Idaho: lamba 400 kofinsa siriri ne, 450 da BR4 masu kauri.

Maƙwabcin nawa yana da gwangwani na kwansunan da ya ware, kuma a nan na ga yadda ake karanta firaima bayan harbi. Lafiyayye gefensa a zagaye yake, lotsawar a tsabtace. Wani kuma ya baje ya cika raminsa har gefen ya ɓace. Wani bakin lotsawar ya taso, in ka goga farce za ka ji ya kama. Na ƙarshe da baƙin hayaƙi a tsakiya da huda da za ka hango haske ta cikinta. Duk wanda ya ga waɗannan ya ci gaba da harbi, to shi ya jiyo.

Akwai kuma bindigogi masu ɗura kansu irin AR-15, waɗanda allurarsu ba ta da abin da ke riƙe ta baya. Duk lokacin da harsashi ya shiga mazauninsa, allurar takan ɗan taɓa firaima. In ka fitar da shi ba ka harba ba, za ka ga ɗan tabo. Idan firaiman mai saurin fushi ne, ko ba a zaunar da shi sosai ba ya ɗan leƙo waje, bindiga na iya tashi ba a taɓa kunama ba. Don wannan CCI ta yi lamba 41, mai taurin kai irin na harsashin soja. Don wannan ne kuma za ka ga mai haɗi yana shafa gindin kowane kwanso da ɗan yatsa, yana tabbatar da cewa firaiman ya ɗan nutse ƙasa da fuskar kwanson.

Bayan kauri sai zafin wuta. Wanda ake kira magnum wutarsa ta fi yawa, ana nemansa ga albarushi mai dunƙulallun ƙwayoyi da ke da wuyar kamawa, da kuma harbin lokacin ƙanƙara. Sabon shiga yakan ɗauka mai ƙarfi shi ne mai kyau. Ina! Kwanson .22 Hornet ɗan mitsitsi ne, kuma masu harka da shi da yawa sun fi samun daidaito da firaima mai sanyi, a ganinsu mai zafin yakan ture kan harsashi daga wurinsa tun albarushi bai gama kamawa ba.

Masu gasar harbi daga kan benci, waɗanda ke son harsashi biyar su bi ta rami ɗaya daga nisan yadi 100, su ne kasuwar Federal 205M da BR4, waɗanda ake tacewa don kowanne ya zama daidai da ɗan uwansa. A ganina mai harbin kurege da dila a gona ba ya buƙatar wannan ƙarin kuɗin, bambancin ya fi ƙarfin hannunsa da idonsa. Gardamar wane kamfani ya fi, wadda suke kwana suna yi, rabinta son rai ne. Abin da ba son rai ba shi ne littafin awo. Kamfanoni irin Hornady da Sierra da Speer sukan rubuta firaiman da suka yi gwaji da shi, kuma ƙa'idar kowa ita ce in ka canza firaima ka rage albarushi ka sake hawa a hankali, domin matsi na iya canzawa.

An gwada wannan ƙa'ida a 2020. Annobar korona ta zo, miliyoyin Amurkawa suka sayi bindiga a karon farko, kamfanoni suka karkatar da firaimansu zuwa harsasan da suke haɗawa da kansu, ga Remington ya faɗa fatarar kuɗi har aka sayar da masana'antarsa ta Lonoke a jihar Arkansas. Kwanso ana sake amfani da shi, dalma ana narkawa, amma firaima sai an saya. Shaguna suka ƙayyade wa kowa 'yan farantai, mutane suka riƙa ɗaukar duk lambar da suka samu, wanda ya saba da 7½ ya koma gida da wani daban, ya sake gwaji daga tushe. Kwalin guda 1,000 da ake saye dala talatin da 'yan kai ya haura dala 100 a 2021, kuma ko da kaya suka dawo kan kanta farashin bai koma inda yake ba.