Cinikin Biri a Sama: Na'urar Nuna Hanya ta Waje da Titunan Unguwa Uku

Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, har dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, ya kamata duk wani ƙarin da aka ɗora wa kuɗin mota ya zama abin tuhuma. Amma har gobe, a wuraren sayar da motoci na bakin Titin Zariya da Titin Maiduguri, dillali zai buɗe maka ƙofar Camry ko Highlander, ya kunna allon gaba, ya ce, "Alhaji, ful ofshin ce, har nabigeshan gare ta." Alhaji ya leƙa, ya ga tituna masu launi da kibiya, ya ƙara kuɗi. Titunan nan na Amurka ne. Daga Unguwa Uku zuwa Gyadi-Gyadi ma allon ba zai kai shi ba. Haka abin yake ga ɗan kasuwar da ya tsinto Garmin ko TomTom a Dubai ko Landan, ya liƙa a gilashin mota yana jiran ta yi magana.

Na'urar ba lalacewa ta yi ba, kuma ba jabu ba ce. Taurarin ɗan'adam na GPS, da ke shawagi a nisan kusan kilomita 20,200 daga ƙasa, ba su san iyakar Najeriya ba. Saƙonsu kyauta ne ga kowa, kuma da zarar na'ura ta kama huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take a doron ƙasa. Iyakar abin da suke bayarwa ke nan: lambobi. Sunan titi, kwana, gada, hanyar da ba a shiga ta gaba, duk a cikin taswira suke, ita kuwa taswira haja ce ta kamfani, yanki-yanki ake sayar da ita. Motar da aka ƙera domin kasuwar Amurka faifanta ko katinta na Amurka da Kanada ne. Alƙawarin sabunta taswira kyauta da ake bugawa a jikin kwali ma galibi bai wuce yankin da aka sayi na'urar dominsa ba. Saboda haka mota tana tsaye a bakin tashar Unguwa Uku, allon yana nuna kibiya a fili fetal, ko kuma ya maƙale a garin da ya baro.

Da a nan matsalar ta tsaya, da maganinta mai sauƙi ne, kuma masu gyara sun riga sun samo shi. A ciro allon asali, a sa na Android, ko a ɗaura waya a gaban direba. A kasuwar waya ta Farm Centre da ke Tarauni babu yaron shagon da ba zai saukar maka da taswirar Kano a Google Maps ba, ta yi aiki ko babu data. Sai dai a lura da kayan da ake sarowa daga Guangzhou, domin wanda aka yi don kasuwar cikin China ba ya zuwa da manhajojin Google.

Abin da ya fi damuna shi ne, ko an sa taswirar Najeriya, rabin aikin kawai aka yi. Waɗannan na'urori an gina su ne a kan tsarin lambar gida da sunan titi. Mu kuwa da kwatance muke rayuwa. Tambayi wani gidansu a cikin Unguwa Uku, zai ce maka in ka wuce tasha ka shiga layi na uku, ka bar masallaci a hagunka, akwai mai shayi gindin darbejiya, ka tambayi gidan Malam wane. Wace na'ura ce za ta karɓi wannan? Manyan tituna irin su Titin Zariya, Court Road da Titin Gidan Zoo suna nan a taswira da sunayensu. Kana sauka daga kwalta sai sunaye su ɗauke, layuka su koma zare marasa suna, wasu ma a nuna su a buɗe alhali kwata ta raba su biyu ko an yi gini a bakinsu.

Ga shi kuma garin ba ya zama wuri guda. Shataletalen Dangi da kowa ya sani ya koma gadar sama da ta ƙasa a zamanin Ganduje. Na Hotoro ma ya zama gada mai hawa-hawa, wadda aka buɗe a 2023. Taswirar da aka ƙulle a kati kafin waɗannan ayyuka za ta ce wa direba ya zagaya shataletalen da babu shi. Wanda ya ɗauko mara lafiya da dare daga Rano ko Tudun Wada zai kai shi Asibitin Malam Aminu Kano, kuskuren hannu ɗaya ba ƙaramar asara ba ce gare shi.

Kuma ba wai Kano ba ta taswiruwa ba ne. A yaƙin da aka yi da shan inna, tun wajajen 2012, an riƙa bai wa masu rigakafi wayoyi masu GPS, aka zana unguwanni da ƙauyukan jihar daga hotunan tauraron ɗan'adam, domin a gane wuraren da ba a shiga ba. Ƙungiyar eHealth Africa da ke nan Kano tana cikin waɗanda suka yi aikin, kuma a watan Agustan 2020 aka tabbatar da kawar da nau'in ƙwayar cutar na asali daga Afirka. Da aka so a san kowane lungu, an sani. Abin da ya rage shi ne suna da lamba, kuma wannan ba aikin Garmin ba ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora raɗa wa tituna suna da bai wa gidaje lamba a wuyan ƙananan hukumomi. A nan, na Ƙaramar Hukumar Tarauni ne, tare da KNUPDA mai tsara birni da KANGIS mai riƙe da bayanan filaye. Kamfanin waje ba zai kashe kuɗinsa ya raɗa wa layinmu sunan da mu ba mu raɗa masa ba.

Akwai masu cewa duk wannan kayan ƙawa ne, matambayi ba ya ɓata, kuma ɗan Adaidaita Sahu ya fi kowace na'ura sanin gari. A cikin gari da rana, suna da gaskiya. Akwai kuma masu kare na'urar hannu da cewa tana aiki inda babu sabis, abin da ke da amfani ga masu awon gona da masu haƙa rijiyar burtsatse. Wannan ma haka ne, domin su lambobin suke buƙata, ba sunan titi ba. Amma direban da ya taso daga Unguwa Uku zuwa Abuja ko Jos, ya iske an karkatar da hanya da magariba, ba kowane wuri ne zai so ya tsaya tambaya ba a halin da ake ciki. Motar kashe gobara da mai kai saƙon kaya ma ba su da lokacin neman mai shayi.

Saboda haka kuɗin da ake ƙarawa don "nabigeshan" na motar Amurka ko ta Turai asara ce tsantsa, kuma dillalan da suka san haka suka yi shiru su ji tsoron Allah. Shugabannin Tarauni su fara da mazaɓa ɗaya, su zauna da masu unguwanni a tabbatar da sunayen da jama'a suka riga suka saba da su, a kafa alluna, a shigar da su OpenStreetMap da Google Maps inda kowa zai samu. Kai kuma mai saye, kafin ka ƙirga ko sisi, ka ce a kunna allon a nuna maka Titin Zariya da gadar Dangi. In ba su fito ba, ka yi cinikin motar kamar babu na'urar a cikinta.