Gurmin Haruna Uji na Haɗeja

Ya ku malamai da fatake na Birniwa, ku sani ba kowane makaɗi ne baran fada ba. Masu taushi da kotso, sarki ke ciyar da su, shi suke yabo. Amma marigayi Haruna Uji na Haɗeja, Allah ya jiƙansa, gurminsa ya rataya, ƙwarya da tsirkiya, yana waƙar soyayya da zaman duniya don talakawa, kamar Ɗan Maraya Jos mai kuntigi, wanda ya rasu a 2015. Lalle akwai baitin da malami zai kau da kai, amma Hausarsa tatacciya ce. Ga kasusuwansa suna lalacewa cikin akwatunan attajirai. Wanda ke da ɗaya, ya kai a juye masa cikin waya tun zaren bai tsinke ba. Wassalam.