Dariyar Baƙo da Ma'aunin Al'ada

Sau da yawa Baturen da ya ziyarci Japan yakan mai da al'adun mutanenta abin raha: rusunawa wajen gaisuwa, tuɓe takalmi a bakin ƙofa, da keɓe wa bayan gida takalminsa. Amma mutumin Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni ba zai ga abin dariya ba, domin da irin wannan ladabi aka rene shi. Shi kuwa Dorugu, wanda ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, tsarin cin abincin Turawa ne ya ba shi mamaki, kamar yadda ya zo a Magana Hausa na Schön (1885). Ashe ke nan dariyar baƙo tarbiyyarsa take tonawa. Wajibin malami ne ya koya wa ɗalibansa neman dalilin al'ada kafin su dara.