In An Yi Gumi, A Ƙara Loma?

'Yan'uwa manoma, a tarurrukanmu na Gwarzo da Kabo akan tambaye mu: mai son rage ƙiba, in ya motsa jiki, ya ƙara ci?

Ya danganta ga aikin. Tafiyar rabin awa takan ƙona kalori, wato ƙarfin abinci, kamar 150. Kwalbar lemo ɗaya za ta mayar da shi. Mai wannan tafiya kada ya ƙara loma.

Amma wanda ya wuni yana huɗa a watan Yuli, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ramewa yake yi. Shi ya ci tuwo da wake ya ƙoshi. Saboda haka mu ware hatsin damina tun da kaka. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.