Kwanciya bayan tiyata: wasannin ƙwaƙwalwar da ba sa cinye data, ba sa hana warkewa

Ranar da aka sallamo mutum daga asibiti, gida cika yake yi. 'Yan dubiya na shiga suna fita, ana ajiye lemo da ayaba, ana ta "Allah Ya ƙara sauƙi". Zuwa kwana na huɗu ko na biyar sai ƙafa ta ɗauke. Kowa ya koma gona ko kasuwa, a bar mara lafiya da rufin ɗaki da wayarsa.

Ga matashin Ƙaraye ko Rogo da aka yi wa aikin afendis ko ƙaba, ko aka sa wa ƙarfe a ƙafa a Asibitin Ƙashi na Dala bayan haɗarin babur, ko matar da aka yi wa tiyatar haihuwa, wannan zaman na iya ɗaukar makonni. Idan mutum mai son wasa ƙwaƙwalwa ne, waya za ta iya rage masa nauyin kwanakin. Sai dai wasan da ya dace da mai lafiya a zaune a majalisa ba lallai ya dace da wanda ke kwance da ɗinki a ciki ba, balle a Zarewa ko Yammedi inda sabis ke zuwa yana tafiya, caji kuma sai an aika yaro shago.

Wasan da ya dace da gado

Ma'aunin mai sauƙi ne. Wasan ya kasance ba ya ƙirga lokaci, ana iya yinsa da hannu ɗaya, yana aiki ba intanet, kuma ana iya ajiye shi a tsakiya idan barci ya zo ko lokacin magani ya yi. Wasannin gudu da harbi sun faɗi tun a nan, domin suna sa mutum ya ɗaure jiki ba tare da ya sani ba, kuma tsokar ciki da aka yanka ba ta son haka. Maganin kashe zafi da ragowar allurar barci su ma suna rage kaifin tunani a kwanakin farko. Wanda ya saba warware sudoku mai wuya ya ga ya kasa mai sauƙi, kada ya tsorata. A fara daga ƙasa.

Manhajar da ta fi cika waɗannan sharuɗɗa a Android ita ce Simon Tatham's Puzzles. Wanda ya ƙirƙiro ta, Simon Tatham, ɗan Birtaniya ne mai rubuta manhajoji, shi ne kuma ya rubuta PuTTY da masu aikin saba suka sani. Chris Boyle ne ya mayar da tarin zuwa Android. Wasanni kusan 40 ne a ciki, kyauta, babu talla ko ɗaya, kuma nauyinta 'yan megabayit ne kawai. Abin da ya fi muhimmanci ga mazaunin karkara: wayar ce da kanta ke ƙirƙiro sabon wasa duk lokacin da aka danna, don haka ba ya ƙarewa kuma ba ya neman data bayan an sauke.

A kwanakin farko, Untangle ya isa. Ɗigo-ɗigo ne da layuka suka harɗe, aikin mutum shi ne ya ja su da yatsa har babu layin da ya hau wani. Idan kai ya fara washewa sai a koma Bridges. A nan tsibirai ne a warwatse, kamar waɗanda mutum zai zana a ransa a kan ruwan madatsar Challawa, kowanne ɗauke da lamba. Lambar ita ce adadin gadojin da za su taɓa tsibirin. Gada ba ta ƙetare gada, ba a yin fiye da biyu tsakanin tsibirai biyu, kuma a ƙarshe dole kowane tsibiri ya haɗu da sauran. Babu canki-canka a ciki, tunani ne zalla.

Sudoku na nan da sunan Solo. Wasan ya fara fitowa a Amurka a 1979, kamfanin Nikoli na Japan ya ba shi sunan da aka san shi da shi a shekarun 1980, sannan ya mamaye duniya bayan jaridar The Times ta Landan ta fara buga shi a 2004. A 2012 wani masanin lissafi a Dublin, Gary McGuire, ya nuna cewa sudoku mai amsa ɗaya tilo ba ya yiwuwa da ƙasa da lambobi 17 na farawa. Mai jinya ba ya buƙatar irin wannan. Mai lambobi da yawa a buɗe ya fi masa.

Akwai wata dabara da mutane ba su cika lura da ita ba. Kowane wasa a cikin tarin yana da lambar shaidarsa da za a iya kwafa a tura. Wanda ke kwance a Tudun Kaya zai iya tura ta ta WhatsApp ga abokinsa a Fulatan, su warware abu ɗaya, kowa ya faɗi inda ya maƙale. Rubutu ne gajere, ko sabis mai sanda ɗaya zai kai shi.

Masu son wasan ces suna da Lichess, wadda Bafaranshe Thibault Duplessis ya kafa a 2010. Ita ma kyauta ce kuma babu talla, tana kuma ajiye wasu matsalolin ces a waya don a warware ba intanet. 2048, wanda Gabriele Cirulli ya rubuta a 2014 yana ɗan shekara 19, yana da daɗi da yatsa ɗaya, amma kwaikwayonsa sun cika Play Store kuma yawancinsu talla ce fal. Lido kuwa a bar shi ga yara 'yan taya hira: sa'a ta fi tunani yawa a cikinsa.

Talla, data da caji

Wasannin "kyauta" da yawa ba kyauta ba ne, da data ake biya. Bidiyon tallar da ke fitowa bayan kowane mataki shi ke zuƙe ta. Wasu kan danna alamar jirgin sama don toshe tallar, amma hakan na toshe kira ma, kuma mara lafiya na buƙatar layinsa a buɗe, ko don dangi ko don ma'aikacin asibiti. Kashe data kaɗai ya wadatar.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne abin da ake tallatawa. Manhajojin caca da na bashin gaggawa suna yawan leƙowa ta cikin irin waɗannan wasanni. Mutumin da ya kashe kuɗin tiyata, ba ya fita nema, ga dogon dare ga waya a hannu, shi ne daidai wanda suke nema. Wasu ma kan zo da kamannin wasan ƙwaƙwalwa, su ce a warware a ci kuɗi, kafin a ankara dara ta ci gida. Duk manhajar sudoku da ta nemi izinin shiga lambobin waya ko saƙonni, a goge ta. Sudoku ba shi da abin yi da su.

Wanda ya san ranar aikinsa ya sauke komai tun kafin a shiga da shi, ko lokacin da yake Kano inda sabis ya fi ƙarfi. Idan ta Xender za a karɓa, a karɓa daga wayar wanda ya sauke daga Play Store, ba fayil ɗin da ba a san asalinsa ba.

Hasken fuskar waya ne ya fi komai shan batir, don haka a rage shi. Yanayin duhu yana taimaka wa batir sosai ne a wayoyi masu fuskar AMOLED. A ƙananan Tecno da itel masu LCD sauƙin ido kawai yake bayarwa. Fawa bank mai 10,000mAh kuma ba zai cika waya mai 5,000mAh sau biyu ba, domin wani kaso na wutar yana salwanta wajen juyawa: sau ɗaya da ɗan ƙari za a samu. Kada a cusa shi ƙarƙashin filo yana caji, zafi yake tarawa.

Kiret ɗin ƙwai

Ranar da caji ya ƙare, akwai dara. Gidan dara gurbi 30 ne, layi biyar a shida, kuma kiret ɗin ƙwai na kwali gurbi 30 ne daidai, biyar a shida. Ya ma fi ƙasa dacewa da gado, tunda 'ya'yan ba sa zamewa idan katifa ta motsa. Kowane ɗan wasa na riƙe 'ya'ya 12, ɗaya da ƙwallon dabino, ɗaya da murfin lemo. Ana fara jera su ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a shiga turawa gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe. Wanda ya jera uku a layi ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa. Ƙananan dokoki kan bambanta daga gari zuwa gari, don haka a daidaita kafin a fara, kada gardama ta sa mai ɗinki ɗaga murya.

Dara tana da abin da manhaja ba ta da shi: tana zaunar da ɗan dubiya. Kawu da zai yi minti biyar ya tashi zai iya kai la'asar. Idan gajiya ta zo, a ɗauki hoton kiret ɗin da waya a ci gaba gobe. Yara kuma a ba su kacici-kacici, irin su shanu dubu maɗaurinsu ɗaya, a ga wa zai tuna tsintsiya.

Abin da waya ba za ta yi ba

Matsalar wasa mai daɗi ita ce yana sa mutum ya manta da jikinsa, ya yi awa uku bai motsa ba. Bayan tiyata wannan ba ƙaramin abu ba ne. Doguwar kwanciya na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, tana kuma iya sa majina ta taru a ƙirji. Shi ya sa likitoci ke matsa wa mutum ya tashi ya taka da wuri. Ana iya mayar da wasan ya zama agogo: duk wasa ɗaya da aka gama, a juya ƙafafu daga idon sawu, a ja dogon numfashi sau da yawa, idan likita ya yarda a taka zuwa bakin ƙofa. Kumburi da zafi a sha-raɓar ƙafa ɗaya, ko numfashi ya yi wuya, ko zazzaɓi, ko ruwa na fita daga ɗinki, duk dalilai ne na komawa asibiti nan take, ba na jiran ranar da aka rubuta a kati ba.

Wanda aka yi wa aikin ido ko na kai ya tambayi likitansa kafin ya kalli waya. Sauran kuma su jingina wayar a kan filo maimakon ɗaga hannu sama, su nisanta ta da bandeji, su ajiye ta idan dare ya yi, domin barci na cikin magani.

Lissafin Bakatsine

Mai biro da takarda yana da wani wasan da ya girmi sudoku nesa ba kusa ba. Malamin nan Muhammad ibn Muhammad al-Fulani al-Kishnawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu da Larabci a 1732 kan yadda ake tsara murabba'in lambobi mai gidaje mara, wanda a nan aka fi sani da hatimi. Ɓangaren lissafinsa shi ne: a jera 1 zuwa 9 a gidaje uku-uku, ta yadda kowane layi, a tsaye, a kwance da a karkace, zai ba da 15. Wanda ya maƙale ya sa 5 a tsakiya.

Mai gidaje biyar-biyar yana ɗaukar 1 zuwa 25, kowane layi 65. Akwai sananniyar hanya: a sa 1 a tsakiyar layin sama, kowace lamba ta gaba ta hau sama gida ɗaya ta matsa dama gida ɗaya. Idan ta fita daga murabba'in sai ta shigo ta ɗaya gefen, idan ta tarar da gida a cike sai ta sauka ƙarƙashin wadda aka rubuta yanzu. Hanyar tana aiki a kan mai bakwai-bakwai ma, inda kowane layi zai ba da 175.