Toshewar Bawul a Firiza da Ɗakunan Sanyi: Bayani ga Jama'a

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan kai digiri 40 a Gusau, Tsafe da Bunguɗu, masu manyan kantuna da masu sayar da kifin ƙanƙara da ruwan leda kan koka cewa firiza tana aiki amma ba ta sanyi. Abin da aka saba yi shi ne a kira mai gyara ya ƙara gas. Muna jan hankalin jama'a cewa sau da yawa gas ɗin yana nan, hanyarsa ce ta toshe.

Kwamfireso yana tura gas zuwa bututun waje, inda yake hucewa ya zama ruwa. Daga nan sai ya ratsa wata 'yar ƙofa ƙarama ƙwarai, ƙarfinsa ya ragu, ya shiga bututun ciki ya kawo sanyi. A ɗakunan sanyi da manyan firizojin kanti, bawul ne wannan ƙofa. A ƙananan firizoji kuwa siririn bututun tagulla ne.

Abubuwa uku ne suka fi toshe ta. Na farko danshi, wanda kan shiga lokacin gyara ya daskare a bakin ƙofar. Na biyu dattin walda. Na uku ƙonannen man kwamfireso, wanda rawar wutar lantarki ko ta janareto kan haddasa.

Alamomin toshewa su ne: kwamfireso ba ya hutawa, ƙanƙara ta taru a bakin bawul kaɗai, sauran bututun ciki kuma babu sanyi. Idan aka kashe na'urar na wasu awowi, sanyi ya dawo sannan ya sake ɗaukewa, to danshi ne. Idan bai dawo ba, a zargi datti. Amma kafin komai a share ƙurar hunturu daga bututun waje, domin ita ma tana rage sanyi.

Gyaran da ya dace shi ne a kwashe gas a cikin tukunya, a wanke ragar bawul ko a sauya shi, a sa sabon mataci, a busa bututu da naitirojin, a zuƙe iska da danshi da injin zuƙa, sannan a zuba gas daidai awon da ke rubuce a jikin na'urar. Kada a haɗa R134a da R600a; na biyun yana kama wuta. Ƙara gas a kan toshewa asarar kuɗi ce, kuma yana iya kashe kwamfireso.

Muna tunatar da jami'an ƙananan hukumomi cewa yawancin alluran rigakafi ana ajiye su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8. Idan firijin asibitin karkara ya wuce haka, a mayar da alluran cikin akwatin sanyi, a sanar da jami'in rigakafi nan take. Kifi da nama kuwa suna buƙatar digiri 18 ƙasa da sifili, kuma wanda ya narke ya ɗumama bai kamata a sake daskarar da shi a sayar wa jama'a ba.

Muna kira ga masu unguwanni da shugabannin kasuwa da su isar da wannan bayani. Allah Ya kare mu daga asara.